Kwana biyar ɗin da Malinovski ya roƙa

A ranar 28 ga Oktoban 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shugaban Tarayyar Sobiyet Stalin ya kira Marshal Rodiyon Malinovski a waya, ya umarce shi da ya fara kai farmaki kan Budapest, babban birnin Hungari, washegari ba tare da ɓata lokaci ba. Malinovski ya roƙi a ba shi kwana biyar. Sojojinsa ba su daɗe da fitowa daga gumurzun Debrecen ba, sun gaji, kuma wata rundunar tankoki da yake jira tana kan hanya. Ya ce idan ta iso zai iya auka wa birnin da ƙarfi lokaci guda. Stalin ya ƙi, ya ce buƙatar ta siyasa ce, ya ajiye waya. Washegari aka fara farmakin, kuma Budapest ba ta faɗi ba sai ranar 13 ga Fabrairun 1945, bayan kwana 108.

A ganina duk wanda yake son fahimtar wannan janar, haifaffen Odesa a ƙasar Yukren, daga wannan wayar ya kamata ya fara, ba daga lambobin yabon da suka rufe masa ƙirji ba. A cikinta aka ga halayensa biyu. Ya san abin da yaƙi ke buƙata, har ya iya faɗa wa Stalin baki da baki. Kuma da aka ƙi, ya yi biyayya, wasu suka biya kuɗin da rayukansu.

An haife shi a watan Nuwamban 1898. Bai san uba ba, mahaifiyarsa Barbara ce ta raine shi cikin talauci. Tun yana yaro ya yi ƙodago a gona, ya yi yaron shago a Odesa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 yana da shekara 15, sai ya ɓuya a cikin jirgin ƙasan da ke kai soja fagen daga. Ba a gano shi ba sai da aka yi nisa, aka bar shi yana ɗaukar wa masu mashinga harsasai. A 1915 ya samu lambar jaruntaka ta Waliyyi Joji, a shekarar kuma ya ji rauninsa na farko.

Abin da ya biyo baya shi ya bambanta shi da sauran manyan hafsoshin Sobiyet. Faransa na neman mutane, Rasha na neman makamai, sai Sarkin Rasha ya aika wa Faransa birged-birged na soja. Malinovski na cikin rukunin farko. Sun ratsa Saiberiya a jirgin ƙasa, suka shiga jirgin ruwa a gabashin Asiya, suka bi ta mashigin Suwes, suka sauka Marseille a watan Afrilun 1916. Bayan shekara guda aka jefa su cikin babban farmakin Janar Nivelle kusa da Reims, farmakin da aka yi alkawarin zai fasa layin Jamusawa cikin kwana biyu, amma ya ƙare da gawarwaki rututu da boren sojojin Faransa kansu. A nan ya ji mummunan rauni a hannun hagu. Yana jinya juyin juya hali ya ci gaba da girgiza Rasha, sojojin Rasha da ke sansanin La Courtine suka yi tawaye suna neman a mayar da su gida, aka murƙushe su da igwa a watan Satumban 1917. Daga baya Malinovski ya shiga ayarin Rashawan da aka haɗa da Rundunar Maroko ta sojan Faransa, inda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojojin mulkin mallaka daga Aljeriya da Tunisiya, a lokacin da Faransa ke kwasar samari daga Afirka ta Yamma tana kai su wannan fagen. Ita wannan runduna ita ake turawa inda ya fi zafi. Ya fito da lambar yabon yaƙi ta Faransa da harshen Faransanci a bakinsa.

Na tsaya kan wannan ne domin yaron da ya kwanta a rami yana jiran busar fita, ya ga yadda janar da ke nesa ke ƙona mutane saboda alkawarin da ya yi wa 'yan siyasa, ba zai manta ba idan ya zama janar. Daga baya an san Malinovski da son shiri mai tsawo, da son zagaye abokin gaba maimakon yi masa karo da goshi. Ina ganin tushen wannan yana cikin laka ta kusa da Reims.

Ya koma gida a 1919 ta Vladivostok. Kusa da Omsk sojojin kwaminis suka kama shi da takardu da littattafan Faransanci, saura ƙiris su harbe shi a matsayin ɗan leƙen asiri. Ya tsallake rijiya da baya, ya shiga cikinsu, ya yaƙi dakarun Kolchak, jagoran masu adawa da kwaminis a yaƙin basasar Rasha. Ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1926, ya gama kwalejin hafsoshi ta Frunze a 1930, ya yi aikin tsare-tsare a rundunonin dawakai, har ya yi aiki ƙarƙashin Semyon Timoshenko, wanda shi ma a yankin Odesa na yau aka haife shi. Daga 1937 zuwa 1938 yana Sifen yana ba dakarun jamhuriya shawara a yaƙin basasarsu da Franco, da sunan ɓoye na Kanar Malino.

Waɗannan shekaru biyu su ne shekarun da Stalin ya karkashe shugabannin sojansa. An harbe Marshal Tukhachevski a watan Yunin 1937, kuma uku daga cikin marshal biyar na ƙasar suka halaka. Waɗanda suka dawo daga Sifen ma ba su tsira ba: an kashe Berzin a 1938, Shtern da Smushkevich da Pavlov a 1941. Mutumin da ya yi wa Faransa soja, yana jin harsunan waje biyu, ya kuma dawo daga Sifen, ya san sunansa na iya shiga jerin kowane dare. Ya rayu, amma ya koyi kame baki, kuma wannan darasi bai bar shi ba har mutuwa.

Lokacin da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941, yana jagorantar wata runduna a bakin kogin Prut, kan iyakar Romaniya. A watannin da ake yi wa rundunonin Sobiyet ƙawanya ɗaya bayan ɗaya, shi ya yi ta ja da baya yana faɗa, bai bari aka rufe shi ba. Kafin shekara ta ƙare an ba shi babbar rundunar Kudu. A tsarin Sobiyet irin wannan babbar runduna kan haɗa rundunoni da dama, sojanta kan kai dubban ɗaruruwa, wani lokaci ya haura miliyan.

Shekarar 1942 ta kusa gamawa da shi. A watan Mayu Timoshenko ya kai farmaki don ƙwato Kharkiv, aikin Malinovski kuwa shi ne tsare masa gefen kudu. A ranar 17 ga wata tankokin Janar Kleist suka fasa wannan gefen, suka rufe masu farmakin ta baya, Jamusawa suka kama fursunoni kimanin 240,000. Ba shi ya tsara farmakin ba, amma ta wajensa aka shiga, kuma ba daidai ba ne a wanke shi daga wannan. A watan Yuli Jamusawa suka matso Rostov. Ya lura cewa idan ya tsaya za a sake yin abin da aka yi a Kharkiv, sai ya tsallakar da sauran mutanensa kogin Don ya bar birnin. Hausawa kan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma Stalin bai karɓi wannan ba. A ranar 28 ga Yuli ya fitar da umarni mai lamba 227, wanda ya haramta ja da baya ko da taku ɗaya, kuma a cikinsa ya ambaci sojojin rundunar Kudu, ya ce sun bar Rostov ba da izinin Mosko ba, sun shafa wa tutocinsu abin kunya. An karanta wannan umarni a gaban kowane rukunin soja a faɗin ƙasar. Pavlov an harbe shi a 1941 kan laifi irin wannan. Malinovski kuwa rage masa matsayi aka yi, aka ba shi runduna guda a arewacin Stalingrad.

A nan ƙaddara ta juya. A watan Nuwamba aka yi wa rundunar Jamus ta 6 ta Janar Paulus ƙawanya a Stalingrad, shi kuma aka ba shi Runduna ta 2 ta Zaratan Soja, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da Mosko ta ajiye. Niyyar farko ita ce a yi amfani da ita wajen murƙushe waɗanda aka rufe. Sai a ranar 12 ga Disamba kwamandan Jamus Manstein ya tura tankokin Janar Hoth daga Kotelnikovo don su buɗe wa Paulus hanya. Vasilevski, babban hafsan hafsoshin Sobiyet, ya shawo kan Stalin a karkatar da rundunar Malinovski ta tare su. Sojojin suka sauka daga jiragen ƙasa nesa da wurin, suka yi tafiyar kwanaki a ƙasa cikin ƙanƙara, yayin da wasu ƙananan rukunoni ke riƙe Jamusawa da jininsu a Verkhne-Kumski don a sami lokaci. Hoth ya kai kogin Mishkova, kimanin kilomita 48 daga mutanen Paulus, a nan ya tsaya. Gaskiya ne cewa wani farmakin Sobiyet a can yamma ya tilasta wa Manstein janye rundunar tankokinsa mafi ƙarfi, don haka ba Malinovski kaɗai ya yi aikin ba. Amma shi ya toshe ƙofar, ranar 24 ga wata ya mayar da hari, ranar 29 aka ƙwace Kotelnikovo.

A cikin waɗannan kwanakin ne abokinsa kuma jami'in siyasar rundunarsa, Janar Larin, ya kashe kansa. Stalin ya ɗauki abin da zargi, ya sa Nikita Khrushchev, wanda daga baya ya zama shugaban Tarayyar Sobiyet, ya zauna kusa da Malinovski ya sa masa ido. Khrushchev ya tsaya masa. Alaƙar da za ta kai shi kujerar minista bayan shekara 15 a nan ta ƙullu.

A ranar 14 ga Fabrairun 1943 sojojinsa suka koma Rostov, birnin da aka kunyata shi a kansa. Daga nan ya bi kudancin Yukren yana kwatowa: Donbas, Zaporizhiya da aka ɗauka da farmakin dare a watan Oktoba, Nikopol da Krivoi Rog cikin taɓon ƙarshen hunturu, sannan Odesa a ranar 10 ga Afrilun 1944, garin da ya bari a ɓoye cikin tarago shekara 30 da suka wuce. Ba shi kaɗai ne ɗan Yukren a wannan mataki ba. Yeremenko, Ribalko, Moskalenko da Chernyakhovski duk a ƙasar aka haife su, kuma miliyoyin 'yan Yukren sun yi yaƙin cikin kakin Sobiyet.

Aikinsa mafi kyau shi ne na watan Agustan 1944 a kan iyakar Romaniya, tsakanin Yash da Kishinev, kuma ya cancanci a duba yadda aka yi shi. A bazarar shekarar Sobiyet sun gwada shiga Romaniya da gaggawa, da sojojin da suka gaji, Jamusawa suka mayar da su. Wannan karon an ba shi da Janar Tolbukhin watanni su shirya. Sun lura cewa Jamus ta kwashe yawancin tankokinta daga yankin zuwa Folan, inda layinta ya rushe. Sun lura kuma cewa sojojin Jamus na tsakiya, na Romaniya na gefe biyu, kamar dai yadda aka jera su a Stalingrad, kuma Romaniyawan sun gaji da yaƙin. Malinovski ya zaɓi wuri ƙunci, faɗin kilomita 16 kawai, ya tara igwogi sama da 240 a kowace kilomita, ya ɓoye taruwar da tafiyar dare. Ranar 20 ga Agusta aka buɗe wuta, kafin azahar layin ya fashe, ya tura rundunar tankokin Janar Kravchenko ta cikin ɓarakar a ranar farko, abin da ba a saba gani ba. Tolbukhin ya taso daga gabas, suka haɗu a bakin Prut, rundunar Jamus ta 6 da aka sake ginawa bayan Stalingrad ta sake shiga ƙawanya ta hallaka. Ranar 23 ga wata Sarki Mika'il na Romaniya ya kama Marshal Antonescu, ƙasar ta juya wa Jamus baya. Kafin wata ya ƙare rijiyoyin man Ploieshti da birnin Bukares sun fita daga hannun Hitler. Alƙaluman Sobiyet sun nuna sun rasa mutum kimanin 13,000, sun kama fursunoni sama da 200,000. A yaƙin da aka saba sayen birni guda da rayuka dubu ɗari, wannan abin mamaki ne. Ranar 10 ga Satumba aka naɗa shi marshal, bayan kwana biyu ya sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta da Romaniya a madadin ƙasashen ƙawance.

Mako bakwai bayan haka ne wayar Stalin ta zo. Dalilin gaggawar a fili yake. Firayim Ministan Birtaniya Churchill bai daɗe da barin Mosko ba, inda aka yi ta lissafin wanda zai riƙe wace ƙasa bayan yaƙi. A Hungari, shugaba Horthy ya yi yunƙurin ficewa daga yaƙin ranar 15 ga Oktoba, Jamusawa suka tsige shi suka ɗora 'yan fasist na Szalasi. Stalin na son Budapest a hannunsa kafin a zauna teburin rabo. Sauri ya haifi nawa. Farmakin farko ya kai bakin birnin ya tsaya, domin an shigar da rundunoni ɗaya bayan ɗaya, Jamusawa kuma suka sami lokacin kawo ɗauki. Sai ranar 26 ga Disamba aka kammala zagaye birnin, da fararen hula kimanin 800,000 a ciki. Hitler ya hana miƙa wuya. Aka yi yaƙin gida-gida, Pest, ɓangaren gabas na birnin, ta faɗi ranar 18 ga Janairu, Buda, ɓangaren yamma, ta ƙara kusan wata guda. Sobiyet sun rasa kimanin mutum 80,000, wasu 240,000 suka ji rauni. Fararen hula kimanin 38,000 suka mutu.

Babu mai iya tabbatar da cewa kwana biyar za su hana duk wannan. Jamusawa ma da sun yi amfani da kwanakin. Kuma dole a faɗi cewa sojojinsa ne suka isa unguwar da aka killace Yahudawan Pest, suka tarar da kimanin mutum 70,000 da rai, waɗanda 'yan Szalasi ke kashewa kullum. Amma akwai abin da ba zan iya ɗora wa Stalin shi kaɗai ba. Masu tsaron birnin ba su wuce kimanin 80,000 ba. Don ya kare kansa kan jinkirin, Malinovski ya kai wa Mosko rahoton adadin da ya ninka wannan fiye da sau biyu, aka kuma sanar da kama fursunoni 138,000. Masana tarihin Hungari sun nuna yadda aka cike giɓin: an riƙa tare maza fararen hula a titi, a ce musu wani ɗan aiki za su yi na kwana biyu, sai su tsinci kansu a taragon da ke tafiya sansanonin aikin dole a Tarayyar Sobiyet. Dubun dubata aka kwasa, da yawa ba su dawo ba. Ga kuma fyaɗe da wawashe dukiya da sojojinsa suka yi wa mutanen birnin. Tsoron da ya koya a 1937 da 1942 gaskiya ne, amma waɗanda aka loda a taragon ba su suka jawo masa shi ba. Wannan tabo yana kan sunansa, kuma lambar Nasara da aka ba shi ranar 26 ga Afrilun 1945, bayan Bratislava da Brno, ba ta goge shi.

A Manchuriya, yankin arewa maso gabashin Sin da Japan ta mamaye, aka sake ba shi lokaci, aka sake ganin janar na Agustan 1944. An kai shi gabas a ɓoye da sunan Janar Morozov, aka ba shi rundunar da za ta taso daga Mongoliya. Japanawa sun sakankance cewa hamada da tsaunukan Khingan sun tsare musu yamma, babu mai kawo tankoki ta nan. Shi kuwa ta nan ya kawo su, kuma a sahun gaba ya sa su, ƙarƙashin Kravchenko ɗin nan dai. Ranar 9 ga Agustan 1945 suka tashi, cikin kwana uku suka ci kimanin kilomita 450 suka gangaro filin Manchuriya, har mai ya ƙare musu aka riƙa kai musu ta jirgin sama. Rundunar Japan da ke wurin ta riga ta raunana, kuma ƙasar na dab da miƙa wuya bayan Hiroshima da Nagasaki, don haka ba a gwada shi da abokin gaba irin na Turai ba. Duk da haka har yau makarantun soja na nazarin yadda aka tsara wannan tafiya. Ranar 8 ga Satumba aka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet.

Ya zauna a Gabas Mai Nisa har 1956, nesa da Mosko da makircinta. A watan Oktoban 1957 Khrushchev ya tsige Marshal Zhukov, wanda farin jininsa ya fara ba shi tsoro, ya ɗora Malinovski a kujerar ministan tsaro. A zamaninsa aka kafa rundunar makamai masu linzami a 1959, aka sanar da rage soja miliyan 1.2 a 1960, abin da hafsoshi suka ƙi a zuci. A 1962 ma'aikatarsa ce ta tsara kai makaman nukiliya Kyuba a asirce. Tunanin na Khrushchev ne, Malinovski ya aiwatar, duniya ta kusa konewa. Da manyan jam'iyya suka haɗa baki a 1964 don tsige Khrushchev, mutumin da ya tsaya masa a Stalingrad, bai kare shi ba. Wata guda bayan haka, a wata liyafa a Kremlin, ya faɗa wa tawagar Sin da Zhou Enlai ke jagoranta cewa su sun kawar da Khrushchev, saura Sinawa su kawar da Mao. Maganar ta rusa yunƙurin sasanta ƙasashen biyu.

Akwai wata rana da nake yawan tunawa a tarihinsa. A watan Mayun 1960, da taron shugabanni ya watse a Paris kan rikicin jirgin leƙen asirin Amurka, ya ɗauki Khrushchev suka tafi ƙauyen Pleurs a yankin Marne, inda aka taɓa sauke shi yana ƙaramin soja. Ministan tsaron ƙasa mai makaman nukiliya ya tsaya yana nuna rumbun da ya kwana a ciki, yana hira da mutanen ƙauyen da harshensu. A shekarunsa na ƙarshe ma abin da ya zauna ya rubuta da hannunsa labarin waɗancan sojojin Rasha ne da aka kai Faransa, ba labarin Romaniya ko Manchuriya ba.

Ya rasu ranar 31 ga Maris 1967 yana kan kujerar, aka ajiye tokarsa a bangon Kremlin. Odesa ta sa wa ɗaya daga cikin gundumominta sunansa, ta riƙe shi shekaru masu yawa har bayan samun 'yancin Yukren a 1991. Bayan da Rasha ta ƙaddamar da mamaya a 2022, makamai masu linzami suka fara faɗa wa birnin daga rundunar da ta gaji wadda ya shugabanta, sai hukumomin Odesa suka cire sunan a 2023. Gundumar yanzu Khajibei ake kiranta, sunan da garin ke da shi kafin daular Rasha ta ci shi da yaƙi.